Matan da Suka Rufa Min Asiri a Minnesota

Tun ina yarinya a Kano, addu'ar da na fi ji a bakin Inna ita ce Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Da ita take rufe sallah, da ita take sallamar baƙo. Na tashi na san cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mace mai hankali ba ta baza shanyar gidanta a titi. Da wannan tarbiyya na sauka Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka, a 2012, na bi maigidana da ya riga ni zuwa, kuma da ita na yi shekara uku ina mutuwa a tsaye babu wanda ya sani.

Aikin kula da tsofaffi nake yi a wani gida da ke kudancin birnin. Wanka, ciyarwa, juya wanda ba ya iya juyawa, ɗaga shi daga gado zuwa kujera. A Janairun 2017 wani dattijo ya sulɓe daga hannuna a banɗaki, na tare shi da jikina, sai na ji wani abu ya tsinke a bayana. Likita ya rubuta min oksikodon. Ga wanda bai san shi ba, ɗan gidan su kodin da tramol ne, sai dai ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Na karɓa da bismillah kamar kowane magani.

Gaskiyar da na daɗe ban faɗa ba ita ce ba ciwon baya kaɗai ya ɗauke min ba. Ya ɗauke kewar gida. Ya ɗauke nauyin sanyin nan da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, da kaɗaicin zama a bene na uku inda ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Idan na sha, sai in ji kamar an lulluɓe ni da bargo daga ciki. Bayan an yi min aiki a bayan aka ƙara min wani. Da aka shiga 2018 likitoci suka fara ɗaure hannu wajen rubuta irin waɗannan magunguna, nawa ya rage min, daga baya ya tsayar. A ranar na san me na zama. Hamma ba iyaka, hawaye da majina kamar mai mura, zufa cikin sanyi, gudawa, ƙasusuwa kamar ana sara, ƙafafu ba sa yarda su kwanta. Na ce wa maigida zazzaɓi ne. Kwana biyu na jure, a na uku na sami lambar wani mutum.

Daga nan kuɗin adashi ya tafi. Sarƙa da 'yan kunnen gwal na lefena suka bi baya, ɗaya bayan ɗaya, ina cewa na ajiye su a banki. Ban fasa sallah ba, ban fasa girki ba, ban fasa kai yara makarantar Islamiyya ranar Asabar ba. Wannan ne ya sa na yarda cewa ni ba irin waɗancan ba ce.

Su waye waɗancan? A shekarar nan ta 2018 jirgin ƙasan da nake hawa zuwa aiki yana wucewa ta gefen titin Hiawatha, kusa da Franklin, inda ɗaruruwan mutane suka kafa tantuna a jikin wata katanga. Yawancinsu 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda kakanninsu ke nan tun kafin Bature ya taka Amurka, kuma da yawansu wannan bala'in ne ya fitar da su daga gidajensu. Nakan kalle su ta taga in ce Allah ya shirya, ga ƙwaya a jakata cikin kwalbar fanadol. A watan Mayun shekarar gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin, Inna ta kira ni tana ba ni labarin yadda 'yan mata da matan aure suka lalace da shan sa. Ta ce, "Ke dai gode wa Allah da ya fitar da ke daga wannan gari." Na ce alhamdulillah. Har yau idan na tuna wannan amsar sai ƙirjina ya yi nauyi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tawa ranar ta zo a Fabrairun 2020, a cikin motata, a wurin ajiye motocin ma'aikata, lokacin hutun dare. Ƙwayar shuɗiya ce, kamanninta ɗaya da wadda na saba saya, amma ta jabu ce, fentanil ne a ciki. Wannan sinadari ya ninka hodar heroin ƙarfi kusan sau hamsin, ɗan abin da bai kai ƙwayar gishiri kaɗan ba yana iya tsayar da numfashi. Ban san komai ba sai da na buɗe ido na ga ƙofar mota a buɗe, iska mai yanka tana shigowa, wata abokiyar aikina ta durƙusa a kan ƙanƙara tana riƙe da fuskata. Ta fesa min Narcan a hanci har sau biyu, ta kira motar asibiti. Maganin nan yana ture ƙwayar daga inda ta kama a ƙwaƙwalwa nan take, don haka farkawar ba daɗi, jiki duk ciwo. Maimakon godiya, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Don Allah kar ki faɗa wa kowa."

Ta ce, "'Yar'uwa, leɓunanki sun yi shuɗi. Kin daina numfashi."

'Yar ƙabilar Ojibwe ce, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, daga yankinsu na White Earth. Shekara biyu muna aiki tare, muna raba abinci, ban taɓa tambayar kaina me ya sa take yawo da wannan magani a aljihun rigar aikinta ba. A asibiti ta faɗa min cewa ita ma ta bi wannan hanya, shekararta uku da fita, kuma ta daɗe da gane ni. Ta ga yadda ƙwayar idona ke tsukewa, ta ga yadda nake gyangyaɗi a tsaye. Ta ce tana jiran ranar da zan yi magana ne, sai ga shi ranar ta kusa zuwa babu ni.

Aiki ya tafi. Maigida ya zo asibiti ya tsaya a bakin gado, bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Shekara nawa?" Na ce uku. Ya zauna ya dafe kai. Ma'aikatan kare yara suka zo gida suka duba firji, suka yi wa yarana tambayoyi a ɗaki su kaɗai. Ba su ɗauke su ba, amma na ɗanɗani tsoron. Aka ɗora ni a kan Suboxone, wani ɗan siririn magani da ake sa wa a ƙarƙashin harshe ya narke. Yana kama wurin da ƙwayar ke kamawa a ƙwaƙwalwa, ya kwantar da azabar da kwaɗayin ba tare da ya bugar da mutum ba. Ban cika wata biyu a kansa ba korona ta rufe gari. Ganin likita ya koma ta waya. Masallaci ya rufe. Na zauna a ɗaki da miji da ba ya iya kallon idona, da yara biyu, da wata murya a kaina da ta haddace lambar mutumin nan.

Ƙawata, wadda ta fesa min Narcan, tana cikin wata da'irar mata 'yan asalin ƙasar da ke murmurewa daga ƙwaya. Da can a wani ɗaki kusa da titin Franklin suke haɗuwa, inda yawancin cibiyoyin al'ummarsu suke. Da annoba ta zo suka koma Zoom duk daren Laraba, da wani rufaffen rukuni a Facebook da ba ya barci. Komawar ta zo musu da abin da ba su zata ba: matan da ke can arewacin jihar, a yankunan da gwamnati ta keɓe wa ƙabilunsu, Red Lake da Leech Lake da White Earth, suka fara shigowa. A ƙaramin gari kowa ya san motar kowa, idan aka gan ki a ƙofar wurin taron masu shaye-shaye kafin magariba labari ya kai gidan surukarki. Ta waya kuwa babu mai ganin shigarki.

Ta roƙe su su bar ni in shiga. Ba su amsa nan take ba, sai da suka yi mako biyu suna shawara, kuma daga baya na ji cewa mace ɗaya ta tsaya kai da fata ta ce a'a. Hujjarta ita ce duk wurin da suka gina wa kansu sai wani ya shigo da kyakkyawar niyya, kafin a ankara su ne ke yi masa bayanin kansu maimakon su yi jinyar kansu. Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ina ganin tana da gaskiya. Wadda ta yanke magana ita ce dattijuwar da ke riƙe da da'irar, wadda ƙananan ke kira Nookomis, wato Kaka, ni ma haka na kira ta. Ta ce in zo a matsayin baƙuwa, kyamarata a buɗe don kowa ta ga wadda ke jin sirrinta, kuma in yi zama huɗu ina saurare kafin in buɗe baki.

Daren farko na shige ɗakin wanki na rufe ƙofa, na jingina wayar a jikin kwalin omo. Fuskoki goma sha wani abu suka bayyana. Wata tana kicin da jariri a kafaɗa. Wata tana kan gado a gidan da ake ajiye masu murmurewa. Wata kuma tana cikin mota a duhu, da jar hular sanyi, hasken waya kaɗai a fuskarta. A gidanta intanet ba ya kaiwa, sai ta tuƙo mota ta faka a jikin wani ginin ƙabilarsu ta kama nasu, injin yana kunne don ɗumi. Ita ce wadda ta ƙi shigata. Ba ta kalle ni ba.

Kaka ta kunna wani busasshen ganye mai ƙamshi a ɗan kasko, ta ɗaga shi gaban kyamara hayaƙin yana tashi, ta yi addu'a da harshensu. Gabana ya faɗi. Bayan an tashi na rubuta mata cewa ni Musulma ce, ba zan iya shiga wannan ɓangaren ba, idan hakan rashin ladabi ne in haƙura da zuwa. Amsarta gajeriya ce. Ta ce har zuwa 1978 sai da majalisar Amurka ta yi doka kafin a amince musu su yi ibadarsu a fili, don haka ba daga bakinta za a ji an tilasta wa wata addu'ar da ba tata ba. "Ki rufe makirufo ki yi taki." Haka na riƙa yi. Suna tasu, ina karanta Fatiha da Ayatul Kursiyyu, mu gama kusan tare.

Tsarin zaman shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. A ɗaki, gashin gaggafa suke miƙa wa juna, mai riƙe da shi ita kaɗai ke magana. A Zoom babu abin miƙawa, sai Kaka ta kira suna, sauran duk su yi shiru. Ba a katse mutum. Ba a ce mata ai da kin yi kaza. Idan ta yi shiru na minti biyu tana kuka, a bar ta da shirunta, babu mai gaggawar cewa yi haƙuri. Idan ta gama a ce miigwech, wato an gode, a wuce ta gaba. Ni da na fito daga inda kafin ki rufe baki mutum biyar sun ba ki shawara, uku sun ba ki labarin wadda tata ta fi taki muni, sai na ga ashe ban taɓa sanin saurare ba.

Dokokinsu kaɗan ne amma ba wasa. Ba ɗaukar hoton allo, ba kai zance waje, ba rancen kuɗi, ba ambaton inda ake samun kaya. Wadda ta shigo a buge ba a korar ta, a ce ta saurara kawai, wata kuma ta kira ta a gefe ta tabbatar akwai mutum kusa da ita da Narcan a hannu. Wadda ta koma ruwa ta dawo, ba a tambayar ta dalili kafin a ce mata sannu da zuwa.

Kuma kowace mace kafin ta ce komai sai ta faɗi ko ita wace ce: sunanta, zuri'arta, ko Gauraka ko Gaggafa ko Kifi, da garin mutanenta. Wasu da harshen Ojibwe suke faɗa, suna tuntuɓe, domin a manyance suka koya. A zama na uku na fahimci dalili. Kaka ta ba da labarin mahaifiyarta, da aka ɗauke tana ƙarama aka kai makarantar kwana ta gwamnati, aka aske mata gashi, aka canza mata suna, ana dukan ta idan ta yi yarenta. Ta dawo gida ba ta iya rungumar 'ya'yanta. Irin waɗannan makarantu, da rahoton gwamnatin Amurka na 2022 ya ƙirga guda 408, an gina su ne don a raba yaro da asalinsa. Bayan su aka shiga ɗauke yara ana ba iyalan Turawa riƙo, har sai da aka yi dokar kare 'ya'yan 'yan asalin ƙasa a 1978. A cikin matan da ke kan allona kusan babu wadda ba a taɓa ɗauke ta ba, ko a ɗauke nata. Don haka idan mace ta ce ni wance ce, 'yar zuri'a kaza, ba gaisuwa take yi ba, abin da aka ƙwace take karɓowa. Kaka takan ce ƙwaya ta zo ta tarar da rami ne a haƙe. Irin wannan fahimta, ta haɗa barin shaye-shaye da komawa ga al'ada, ita ce ƙungiyar White Bison da Don Coyhis ya kafa a 1988 ta yaɗa a tsakanin ƙabilu, kuma Kaka ta sha ambaton ta.

Ban taɓa haɗa ciwona da nasu ba, kuma ba zan haɗa ba. Ni ba a raba ni da Inna ba, ba a hana ni Hausa ba. Ni da hannuna na gina katangar da ta raba ni da mutanena.

Zama na biyar Kaka ta kira sunana. Na shirya jawabi tun rana, duk ya gudu. Na ce ni Bahaushiya ce daga Kano, na faɗi sunana. Kaka ta ce, "'Yar wa?" Na faɗi sunan Inna, na faɗi na kakata da ta yi min kitso har na yi aure, sai muryata ta karye. Sunan Inna da kalmar ƙwaya ba su taɓa haɗuwa a bakina ba. Na yi kuka har na ji kunyar tsawonsa, babu wadda ta motsa. Da na samu numfashi na ce, "Shekara uku ina sha. Na sayar da gwal ɗina. Na tuƙa 'ya'yana a mota ina buge." Na ƙarshen nan ko maigida bai sani ba. Na jira in ga fuska ta canza. Suka ce miigwech. Aka kira ta gaba.

A daren na yi barcin da na manta da irinsa. Na faɗi mafi munin abin da ke cikina ga mata goma sha wani abu, gari ya waye, asirina yana nan a rufe. Da na ɗauka rufin asiri shi ne kada kowa ya sani. Ashe akwai wanda mutane ke sani su rufa miki, kuma shi ne mai ɗaukar nauyi.

Ba kullum ake daɗi ba. An sha yin gardama a kan Suboxone, domin wasu na ganin canjin ƙwaya ne da ƙwaya, mai shan sa bai tsarkaka ba. Maigida ma haka ya ce da farko. Kaka ba ta ɗaga murya, ta ce ta binne mata da yawa da suka daina magani don a ce sun tsarkaka. Ni ina tare da ita ɗari bisa ɗari: maganin nan yana rage mutuwa, kuma mace sai tana raye take tuba, take renon 'ya'ya. Da azumi ya zo likitata ta mayar min da shi lokacin sahur, na yi azumina cikakke, karo na farko cikin shekara uku da ban karya shi a ɓoye ba.

A Nuwamban 2020 Baba ya rasu. Kafin in gama fahimtar saƙon an kai shi makwancinsa, ga shi ba ni da kuɗin jirgi. Na daina shan maganina kwana uku ban faɗa wa kowa ba. Daren na huɗu, wajen ƙarfe biyu, na ɗauki makulli na fita. Na saya. Ina zaune a mota a bayan wani gidan mai, ƙwaya biyu shuɗaye a tafin hannuna, ban san abin da ya sa na buɗe rukunin ba. Na rubuta: ina mota, suna hannuna.

Ba a yi minti ɗaya ba waya ta yi ƙara. Mai jar hula ce. Wata bakwai ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba.

Ta ce, "Kano, kina ina?" Haka ta kira ni, kuma haka ta ci gaba da kira na. Na faɗa mata. Ba ta yi min wa'azi ba. Ta ce jikina ya manta da ƙwaya, abin da nake sha da a ji daɗi yanzu shi zai kashe ni, kuma babu wanda ya san abin da ke cikin waɗannan biyun, har wanda ya sayar min. Sannan ta ce in ba ta labarin Baba. Na ce ba zan iya ba. Ta ce to me yake ci da safe? Na ce koko da ƙosai, kuma sai ya rage min ƙosai biyu a takarda ko da na yi aure na zo gaishe shi. Daga nan bakina ya buɗe. Muka yi fiye da awa ɗaya. Ita ma ta ba ni labarin kakanta da yake shiga da ita kwalekwale a ƙarshen Agusta suna kaɗe shinkafar tafki da sanduna biyu, wadda suke kira manoomin. A wani wayar kuma ta riga ta tashi ƙawata daga barci. Ina cikin magana na ga fitilar mota a bayana. Ƙawata ta buɗe ƙofa ta miƙo hannu, na zuba mata su.

Daga baya na tambayi mai jar hula me ya sa ita. Ta ce, "Har yanzu ina ganin bai kamata a shigo da ke ba. Amma an shigo da ke."

'Ya'yanta biyu suna hannun hukuma, shekara biyu tana bin kotu. Duk abin da aka ce ta yi ta yi: gwajin fitsari, azuzuwan tarbiyya, neman gida. A bazarar 2021 aka sake ɗage zaman da take sa ran za a dawo mata da su. Laraba ta zo ba ta shigo ba. Muka rubuta, shiru. Muka kira, waya tana ta ringin. Tana can arewa, tafiyar fiye da awa huɗu daga inda nake, kuma mu duka ba mu da abin yi sai kallon sunanta a allo. Kafin a samu wanda zai je ya buga ƙofarta, ta riga ta tafi. Ita kaɗai ce a ɗakin, Narcan yana cikin jakarta, babu mai fesa mata.

Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka waya tana maye gurbin mutum. Murya ta cece ni a daren nan, amma sai da hannu ya zo ya buɗe ƙofar mota. Ita ba ta samu hannun ba. A shekarar da ta rasu fiye da mutum 100,000 ƙwaya ta kashe a Amurka, kuma idan aka auna da yawan jama'a babu al'ummar da ta kai 'yan asalin ƙasar asara. A Minnesota, mai ƙabilu 11, bakwai na Ojibwe huɗu na Dakota, alƙaluman hukumar lafiya ta jihar sun nuna haɗarin mutuwarsu ta wannan hanya ya kai ninki goma na farar fata. A 2022 wasu manyan kamfanonin magunguna suka amince su biya ƙabilun ƙasar dala miliyan 590. Da na ji labarin, lissafin da ya zo min shi ne kuɗin man da take ƙonawa a mota duk Laraba don ta samu intanet.

Na bi ƙawata zuwa jana'izar. Sun hura wuta a waje wadda ba ta mutuwa har kwana huɗu, maza suna gadin ta dare da rana. Na dafa shinkafa da miya babbar tukunya, don ban san wata hanyar zuwa gidan rasuwa hannu rabbana ba. A nan na ga matan da na sani daga wuya zuwa sama. Wata ashe doguwa ce, Kaka kuma 'yar ƙarama, da sanda. Mahaifiyar marigayiyar ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce Kano?" Na kasa amsawa.

Bayan wannan da'irar ta canza abu ɗaya. Kowace mace ta ba Kaka lambar mutum guda da ke zaune kusa da ita, wanda zai iya isa ƙofarta cikin minti goma, kuma ta yarda a kira shi idan ta yi shiru. Ni lambar maigida na bayar. Sai da na zaunar da shi na yi masa bayani, na koya masa yadda ake fesa maganin. Ya juya kwalin a hannunsa ya daɗe, sannan ya sa ɗaya a motarsa, ɗaya a durowar gefen gado. Daga ranar ya fara kallon idona. Yanzu abin ya yi sauƙi, tun 2023 ana sayar da Narcan a kantin magani ba sai da takardar likita ba. Na kuma ji cewa masu bincike na Mayo Clinic, wani babban asibiti a Minnesota, tare da matan al'ummar, sun gwada wani rukunin Facebook mai suna Wiidookaage'win don matan da ke murmurewa a jihar. Ba namu ba ne, amma na yi murna da aka fara ɗaukar abin da muhimmanci.

A 2022 na je Kano. Dare na uku, bayan kowa ya kwanta, na zauna a bakin gadon Inna na faɗa mata komai. Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce, "Shi ya sa muryarki ta canza a waya. Na ɗauka mijinki ne." Ta yi kuka, ta yi min faɗan da na cancanta a kan yaran, sannan ta tambayi sunan wadda ta fesa min magani don ta riƙa sa ta a addu'a. Da asuba ta kira ni gefe ta ce akwai 'yar ƙanwarta, matar aure da 'ya'ya uku, da ake samun kwalabe a ƙarƙashin gadonta. Dangi suna shawarar a kai ta inda ake ɗaure su da mari. "Ki yi mata magana, 'yar nan. Ke za ta ji."

Da na koma na nemi izinin Kaka in ari tsarinsu. Ta ce in ɗauki shirun da sauraren da faɗin sunan uwa, in bar musu hayaƙinsu da gashin gaggafarsu, tunda mu ma ba mu rasa namu ba. A 2023 na daina zuwa duk mako, na bar kujerar ga masu ita, sai in an gayyace ni. Har yanzu ina kan maganina, an rage min shi sosai, kuma ba na gaggawa.

Mu biyar ne yanzu a WhatsApp, duk daren Alhamis ƙarfe goma agogon Kano, lokacin da mazaje suka fita hira yara suka yi barci, ni kuma nan la'asar ce. Biyu a Kano, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Maraɗi. Muna buɗewa da Fatiha. Har yanzu ina fama da su a kan katse juna, kuma abin da ya fi damuna shi ne ba ni da maganin da zan ce su je su karɓa kamar yadda na samu, sai dai in roƙe su su ga likitan ƙwaƙwalwa, kada su yanke sha su kaɗai a ɗaki. 'Yar'uwata ta yi magana a zama na biyu. Ta Maraɗin kuwa mako bakwai ke nan tana shigowa, muna jin numfashinta da kukan jaririnta, ba ta ce komai ba. Ranar Alhamis da ta wuce, da na kira ta, ta faɗi sunan mahaifiyarta, sai ta kashe wayar.